Yaushe Ya Kamata A Taɓa Inji? Lacca Kan Tazarar Sabis Da Abin Da Take Ci

 Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu gareji, masu injinan niƙa da na casar shinkafa, manoman rani, da ƙannenmu ɗalibai, barkanku da zuwa. Na san da yawanku kun kashe inji ne kuka taho, kuma kowace awa da inji ya yi a kashe kuɗi ne. Zan yi ƙoƙari kada in ɓata muku ita.

Babu tambayar da aka fi yi mini kamar wannan: "Injiniya, bayan kwana nawa zan yi juye?" Ko kuma, "Wannan bel ɗin in canza shi ne, ko in bar shi ya ƙara gaba?" Mai tambayar lamba ɗaya yake so in ba shi ya riƙe. Ni kuma abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne hanyar da mutum zai fitar da lambar da kansa, domin lambar da ta dace da injin Kura ba lallai ta dace da na Gashuwa ba, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su a rana ɗaya.

Mun saba cewa rigakafi ya fi magani, kuma gaskiya ne. Sai dai rigakafin ma da kuɗi ake yin sa. Akwai kuɗin kaya, akwai na makanike, akwai awoyin da inji ya tsaya, akwai kuma sauran ran da ke jikin abin da aka cire aka jefar alhali bai mutu ba. Wanda ya ce ba zai taɓa inji ba sai ya tsaya yana asara, wannan kowa ya sani. Wanda ke kwance inji duk wata saboda tsoro shi ma yana asara, amma tasa ba ta da ƙara, shi ya sa ba a maganarta. Tsakanin waɗannan biyun akwai wurin da asara ta fi sauƙi, kuma ana iya gano shi da biro da takarda.

Bari mu yi lissafin tare. Lambobin da zan kawo misali ne na ƙirƙira don a fahimta, kowa ya sa nasa a gurbinsu. A ce mai injin casa ya rubuta tsawon ran bel goma da ya yi amfani da su har suka tsinke. Na farko ya yi awa 300, sauran suka yi 420, 480, 520, 560, 600, 640, 680, 750, na ƙarshe 850. Jimla awa 5,800 ke nan. A ce kuma idan ya canza bel da gangan, ran Juma'a da safe lokacin da dama ba a aiki, naira 20,000 yake kashewa. Idan kuwa bel ɗin ya tsinke ana tsakiyar aiki, ga buhuna a jere, babu wani a ajiye, sai an je kasuwar Ƙofar Ruwa an nemo, masu shinkafa sun kwashe kayansu sun kai wa maƙwabci, to abin yana cinye masa naira 100,000 har da kuɗin bel ɗin.

Idan ya bar kowanne sai ya tsinke, ya kashe miliyan 1 a awa 5,800, wato kusan naira 172 a kowace awa. Idan ya ce zai riƙa canzawa a awa 500, uku za su riga shi tsinkewa, bakwai za su kai. Kuɗin ya zama 440,000 a awa 4,700, kusan naira 94 a awa. Ya sauko zuwa awa 400: ɗaya ne kawai zai tsinke, kuɗin 280,000 a awa 3,900, kusan naira 72. To sai tsoro ya kama shi ya ce bari ya ƙara saukowa yadda ko ɗaya ba zai tsinke ba. A awa 250, naira 80 ne. A awa 150, naira 133. Kun ga yadda kuɗin ya sauko, ya kai ƙasa, ya sake hawa. Mutumin da ke canzawa a awa 150 bel bai taɓa tsinke masa ba, yana ma alfahari da haka, amma yana biyan kusan ninki biyu na abin da ya kamata ya biya.

Ku lura da wani abu da ni yake kwantar mini da hankali. Tsakanin awa 250 da awa 400 bambancin naira 8 ne kacal. Gindin kwarin yana da faɗi. Ba sai ka dace da ainihin awar ba, ka faɗa cikin yankin kawai ya wadatar. Abin gudu shi ne ɓangarorin biyu na can nesa.

Yanzu mu canza abu ɗaya, mu bar sauran yadda suke. A ce mutumin nan ya sayi bel ya rataye a bango, yaronsa kuma ya iya ɗaurawa cikin minti goma. Tsinkewa ta daina cin 100,000, ta koma 25,000. Sake lissafin: idan ya bari sai ya tsinke, naira 43 a awa. Idan ya canza a 500, naira 46. A 400, naira 53. Amsa ta juye gaba ɗaya. Bel ɗin bai canza ba, injin bai canza ba, amma yanzu abin da ya fi riba shi ne a bar shi ya ci ransa har ƙarshe. Saboda haka idan wani ya tambaye ka yaushe zai canza kaza, kafin ka dubi ƙarfen, tambaye shi abin da zai faru ranar da abin ya mutu ba shiri. Gwargwadon yadda ɓarnar ranar ta fi kuɗin canjin ganganci, gwargwadon yadda tazarar za ta gajarta. Idan kuɗin biyu sun yi kusa da juna, ajiye na canji a kusa ya fi komai.

Wannan lissafin yana da sharaɗi, kuma a nan ne mutane da yawa, har da masu digiri, suke kuskure. Yana aiki ne kawai idan abin yana tsufa da gaske, wato haɗarin mutuwarsa yana ƙaruwa da yawan aiki. Bel yana tsufa. Baƙin mai yana tsufa. Taya, birki, ringi, duwatsun niƙa, duk suna cinyewa. Amma ba kowane abu ne a jikin inji yake haka ba.

Masu jiragen sama ne suka fara gano wannan da hujja. A shekarun 1950 da 1960 ƙa'idarsu ita ce kowane ɓangare na jirgi yana da wa'adi, in ya cika a kwance shi a sabunta. Da suka ga matsala ta yi yawa sai su rage wa'adin, amma sau da yawa matsalar ba ta raguwa. Injiniyoyi biyu na kamfanin United Airlines a Amurka, Stanley Nowlan da Howard Heap, suka tattara bayanan shekaru suka fitar da rahoto a 1978, da tallafin ma'aikatar tsaron ƙasar. Abin da suka samu ya girgiza masu wannan sana'a. Kashi 11 cikin 100 ne kawai na kayan da suka bincika suke nuna alamar da za ta sa wa'adi ya yi amfani. Sauran kashi 89 mutuwarsu ba ta bin shekaru. Kashi 68 ma sun fi mutuwa ne a farkon rayuwarsu, jim kaɗan bayan an ɗaura su, in sun tsallake wannan lokacin sai su daidaita. Irin wannan abu, duk sanda ka cire lafiyayye ka sa sabo, ka mayar da shi lokacin da ya fi haɗari ne da hannunka.

Ba ina cewa injin ban-ruwa jirgin sama ba ne. Jirgi cike yake da kayan lantarki da na'urori masu sarƙaƙiya, injinanmu kuwa ƙarfe ne ke gugar ƙarfe cikin ƙura, don haka rabon abin da ke tsufa a wurinmu ya fi nasu yawa. Amma darasin ya shafe mu, kuma duk makanike mai gaskiya a cikin ɗakin nan ya taɓa ganinsa. Mota ta zo lafiya, an yi mata babban sabis, bayan kwana uku ta dawo tana yoyon mai. An ɗaure noti fiye da kima, ko gasket bai zauna ba, ko yashi ya shiga lokacin da injin ke buɗe a ƙasa, ko kuma sabon kayan da aka sa jabu ne, wanda aka cire kuwa na asali ne. Garin gyaran gira an rasa ido.

Tun kafin su Nowlan, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin halittu ɗan Birtaniya mai suna Waddington ya lura da haka a jiragen da ke farautar jiragen ruwan Jamus masu nutso. Ya ƙirga matsalolin da ake samu, ya ga suna tashi sama daidai bayan an yi wa jirgi sabis na ƙa'ida, sannan su riƙa sauka har lokacin sabis na gaba. Aka tsawaita tazarar, aka rage abubuwan da ake kwancewa ba dalili, aka gyara yadda ake rubuta umarnin aiki, sai awoyin da jiragen ke yi a sama suka ƙaru sosai.

Ga ɗalibai: abin da kuke karantawa da sunan Weibull, injiniyan ƙasar Suwidin da ya wallafa shahararriyar takardarsa a 1951, wannan maganar ce aka mayar lamba. In lambar siffa ta haura 1, abin yana tsufa, wa'adi zai yi amfani. In ta tsaya a 1, mutuwarsa ta ba-zata ce. In ta gaza 1, ciwon farko ne, a bar shi ya zauna lafiya. Amma ba Weibull ɗin da zai taimake ku idan babu wanda ya rubuta ranar da aka ɗaura abu da ranar da ya mutu.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a daina sabis. Tsawaita tazara ba tare da hujja ba yana kashe mutane. Ranar 31 ga Janairun 2000, jirgin Alaska Airlines mai lamba 261 ya faɗa tekun Fasifik kusa da gaɓar Kalifoniya, mutum 88 da ke ciki babu wanda ya tsira. Binciken hukumar kula da haɗurran sufuri ta Amurka ya nuna cewa wani dogon ƙarfe mai zare da ke sarrafa fiffiken wutsiya ya rasa isasshen giris, zaren notinsa ya cinye har ya zame. An yi ta ƙara tazarar sa giris ɗin kaɗan-kaɗan cikin shekaru, aka kuma ƙara tazarar auna cinyewar, kowane ƙari ana ganin ba komai ba ne. Giris, jama'a. Abin da a kasuwa bai kai kuɗin abincin rana ba. Shi ya sa nake cewa lissafin naira da muka yi ɗazu ba ya shiga inda rai yake. Birkin mota, tayar gaba, igiyar ɗaga kaya, tukunyar iskar gas, janaretan ɗakin tiyata, waɗannan ba a cinikin wa'adinsu.

Mu dawo gida, kan baƙin mai, domin shi ne ya fi kashe mana injina. Littafin ƙananan injinan fetur irin na Honda, waɗanda ake ɗora wa famfon ban-ruwa da janareta, yana cewa a yi juyen farko bayan awa 20, daga nan duk awa 100 ko wata 6, wanda ya riga zuwa. Manyan janaretocin dizal da yawa awa 250 ake ba su. Ku lura, da awa aka yi maganar. Mu kuwa da wata muke lissafi. Manomin da ke kunna inji awa goma a rana a Kadawa ya cika awa 100 cikin kwana goma. In ya ce shi duk wata yake juye, yana ganin yana ƙoƙari, alhali man ya yi awa 300, ya ninka wa'adinsa sau uku. Janaretan masallacin Juma'a kuwa zai iya shekara bai cika awa 100 ba, shi wata shidan ne zai kama shi, domin mai yana lalacewa ko a zaune. Kuma juye yana cikin sabis ɗin da ba ya buƙatar a buɗe cikin inji, kuɗinsa kaɗan ne, ɓarnar rashinsa kuwa injin ne gaba ɗaya ya buga. A lissafinmu na ɗazu, wannan shi ne inda tazara ta gajarta ƙwarai. Na san tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya yi tsada, kuma abin da mutum ya fara tsukewa shi ne juye. Ina roƙonku ku nemi wani wurin tsukewar. Kuma man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba ka san daga inda ya fito ba, ko duk sati kake juye shi bai kare maka inji ba.

Sai ƙura. Wanda ya rubuta littafin inji ya sa wani ɗan gargaɗi a ƙasa cewa a wuri mai ƙura a yawaita duba matatar iska. Wannan ɗan gargaɗin da mu yake. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, har cikin Maris, iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta sauke mana. Ƙurar nan in ta wuce matata ta shiga silinda, ta gauraya da mai, ta zama kamar sandar guga tana cin ringi da fistin. Matatar da littafi ya ce a wanke bayan awa 50, a hunturu ko a gefen injin casa inda ƙaiƙayi ke tashi, ba za ta jira awa 50 ba. Na sha ganin yaron inji ya cire matatar gaba ɗaya ya ajiye don ta toshe inji yana shaƙewa. Injin ya yi ƙarfi a ranar, kakar gaba kuwa yana hayaƙi yana shan mai.

To abubuwan da ba su da wa'adi tsayayye fa, yaya za a yi da su? A saurare su. Yawancin ƙarfe ba ya mutuwa bai yi gargaɗi ba. Boris yana fara ƙara, sannan ya yi zafi, sannan ya yi girgiza, sannan ya kama. Tambayar ita ce, daga ranar da kunne ko hannu zai iya jin alamar zuwa ranar da zai tsaya, kwana nawa ne? In sati biyu ne, duba shi duk sati, don kada gargaɗin ya zo ya wuce tsakanin dubawa biyu. Dubawa ba ta cin kaya, ba ta buɗe inji, ba ta jefar da lafiyayye. Tsofaffin makanikanmu da ke ɗora sukurdireba a jikin inji su kara kunne suna yin abin da manyan masana'antu ke sayen na'urar auna girgiza don su yi. Abin da ya rage musu shi ne su mayar da shi ƙa'ida mai rana, su daina jira sai an kira su.

Akwai kuma abin da ke mutuwa a ɓoye, kamar janaretan ko-ta-kwana, ko abin kashe gobara, ko makunnin da ke kashe inji in mai ya yi ƙasa. Ba za ka san ya mutu ba sai ranar da ka neme shi. Irinsu gwadawa ake yi lokaci-lokaci, a kunna a gani.

Lokacin shekara ma yana canza lissafi, domin kuɗin tsayawar inji ba ɗaya ba ne a kowane wata. Famfon ban-ruwa da ya mutu a Agusta, ana ruwan sama, asararsa kuɗin gyara ne kawai. Wanda ya mutu a Janairu, alkama tana fitar da kai ko tumatir yana fure, zai iya tafiya da rabin gonar. Don haka ko lissafi ya ce saura awa 80, in waɗannan awoyin za su ƙare a tsakiyar rani, yi aikin tun Oktoba. Tarakta a gama da ita kafin ruwan farko, injin casa kafin kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata matsala da ba ta ƙarfe ba ce, kuma ina ganin ta fi sauran wuyar magani. Sau da yawa wanda ke biyan kuɗin sabis daban, wanda ke ɗaukar asarar lalacewa daban. Mai Keke Napep ya ba yaro, ya ce kullum a kawo balas kaza, juye kuma daga aljihun yaron. Me kuke tsammani? Yaron zai ja man har ya koma kamar kwalta, domin in injin ya buga ba nasa ba ne. Maigida, cire kuɗin juye daga naka kason, ka tsaya a yi a gabanka, ya fi maka araha nesa ba kusa ba. Haka abin yake a ma'aikatu. Na taɓa zuwa wani asibiti aka nuna mini babban janareta a kashe, bai shekara uku ba. Kuɗin sayensa ya fito a rana ɗaya, amma kuɗin mai da matata sai an rubuta takarda ta yi wata biyu tana yawo daga tebur zuwa tebur. Ma'aikacin da ke kula da shi ya san aikinsa, ya nuna mini kwafin takardun da ya rubuta. Abin ya tsaya mini a rai, domin a daren da na kwana a garin da fitilar waya ake duba marasa lafiya. Rijiyoyin burtsatse nawa ne a ƙauyukanmu suka mutu a kan abin da bai kai kuɗin buhun masara ba? Duk wanda zai sa hannu a sayi inji, ya sa hannu a kan kuɗin kula da shi a takarda guda, in ba haka ba gara a bar kuɗin.

Duk abin da na faɗa yau a kan abu ɗaya ya tsaya, wato rubutu. Da mai injin casan nan bai rubuta ran bel goma ba, da babu lissafin da za mu yi, sai dai kowa ya faɗi abin da yake ji. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa. A ɗaure shi da zare a jikin inji ko a ajiye a aljihun mota. Kullum a rubuta awa nawa aka yi aiki. Duk abin da aka canza a rubuta ranar, da kuɗin, da inda aka saya, da kuma ko mutuwa ya yi ko da gangan aka cire shi. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Wanda ke da hali ya sa agogon ƙirga awa, ba shi da tsada. A fara da wa'adin da kamfani ya bayar, kada a wuce shi sai littafinka ya ba ka hujja, kuma in za a ƙara, a ƙara kaɗan ana dubawa.

Ku masu gareji da shugabannin ƙungiyoyi, ku kuka fi kowa damar yin wannan. Mutum ɗaya sai ya shekara biyar bai tara bel goma ba, amma ƙungiya mai mutum hamsin za ta tara cikin kaka ɗaya, ta kuma gane kayan wane shago ne ke saurin mutuwa. Ina roƙonku, a taronku na gaba ku sa wannan a ajanda, ku zaɓi abu uku da suka fi cin kuɗin 'yan ƙungiya, ku raba littattafai, ku naɗa ɗalibi ɗaya daga cikin yaran nan ya riƙa tattarawa duk wata.  Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.